Ƙofar Mutum Ɗaya

Kwana tara kacal Kawu ya yi yana aikin ƙidayar jama'a, shekara goma sha huɗu da suka wuce, amma har yau bai sauka daga aikin ba. In ka gaishe shi ka tambayi mutanen gida, ba zai ce maka lafiya lau ba, adadinsu zai faɗa maka, maza kaza mata kaza. Hular da aka raba musu lokacin ta koɗe har ba a gane launinta, amma kullum tana kansa. Shi ya sa duk Filaza, wato rukunin shagunan da muke sana'a a ciki, babba da yaro Kawu Ƙidaya suke ce masa. Ni dai kawuna ne na gaske, ƙanin Inna ne, shi ne autansu, ita ce ma ta raine shi. Don haka ba ni da damar yi masa dariya sai na juya baya.

Filaza tsohon bene ne mai ƙofa biyu. Ta gaba tana kallon babban titi, ita ce mai gilashi da allon suna, ita ake ɗauka a hoto. Ta baya kuwa ƙofar ƙarfe ce mai sanduna, da ka fita sai tashar mota. Shagon ɗinkin Inna shi ne na farko in ka shigo ta bayan, shekararta goma sha tara a wurin. Kusa da ita mai aski ne, sai wata mai kyamis marar yawan magana. Nawa shagon na buga takardu yana tsakiyar baranda. Kawu ba shi da shago, amma yana da kujera a kowane shago.

Rannan Mai Gini, wato mamallakin benen, ya tara mu ya ce rufi ya gaji, wayoyin wuta sun tsufa, zai fasa cikin ginin a sake raba shi. Kafin Injiniyar da ya ɗauko ta zana sabon tsari yana son jin shawarar masu shaguna. Bai rufe baki ba Kawu ya miƙe, shi da ko allura ba ya sayarwa. Ya ce ba a gyara gini da ka-ce-na-ce, da alƙaluma ake yi, kuma duk faɗin unguwar nan mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe alƙaluma da hannunsa. Bai faɗi ko wane ne ba, hularsa kawai ya gyara.

Washegari ya shigo shagona rungume da littafin sakamakon ƙidaya, mai koren bango, kaurinsa kamar bulo. Ya dire shi kan injina ya ce in buga masa rahoto. Yana faɗa ina bugawa, yana kai-da-kawo hannuwa a baya. Na ɗaya, unguwar da ke kudu da mu cike take da ƙananan yara, kowane mutum huɗu ɗaya bai kai shekara biyar ba, saboda haka shagunan gaba su koma sayar da kayan jarirai. Na biyu, kowane gida a yankin yana da mutum shida da ɗigo huɗu, saboda haka a yi bencinan hutawa daidai da haka. Duk wannan ina bugawa ina cije leɓe. Da ya zo na uku sai yatsuna suka tsaya.

Littafin ya nuna cewa a bayan Filaza mutum ɗaya tak ke zaune. Namiji, ɗan shekara arba'in da ɗaya, ba shi da sana'a. Don haka, in ji Kawu, a toshe ƙofar baya da bulo, a mai da shagunan wajen wurin ajiyar kaya, masu su a kai su saman bene.

Hankalina ya tashi, gaskiya. Gwiwoyin Inna ba sa hawa matakala, ko ta ƙofar gida sai ta dafa bango. Masu kawo mata ɗinki kuma 'yan tasha ne: direban da aljihunsa ya yage, matafiyin da zif ɗin jakarsa ya ƙi, matar da za ta bar yadi da safe ta karɓa da yamma in ta dawo aiki. A rufe wannan ƙofa, an rufe Inna ke nan. Na ce wa Kawu ya leƙa ya gani, tashar nan mutane ne kamar ƙasa tun safe har yamma.

"A can suke kwana?" in ji shi.

Na ce a'a.

"To kin gani. Ƙidaya ba ta san mai wucewa ba, 'yar nan. Inda mutum ya kwana, nan ake rubuta shi. Wanda bai kwana ba, a ilmance babu shi."

Na bar takardar a inji na je na faɗa wa Inna. Ya biyo ni da littafinsa. Ko ɗaga kai ba ta yi daga kan keke ba, tana jan zare da haƙori ta ce, "Auta, ashe shekara goma sha tara aljanu nake yi wa ɗinki."

Ya ce Yaya ta yi haƙuri, ba da shi take jayayya ba, da littafi take. Mai aski ya leƙo da kilifa a hannu ya tambaya ko littafin ya faɗi wanda zai riƙa zuwa aski a saman bene, ko kuwa tsuntsaye zai koma yi wa. Kawu ya ce jahilci ma sana'a ce, amma ba a rubuta ta a ƙidaya. Mai kyamis kuwa matsowa ta yi. Ta roƙi a nuna mata shafin, ta ɗora yatsa kan layin mutum ɗayan, ta dubi Kawu, ta sake duban layin. Sai ta koma shagonta tana rufe baki da gefen mayafi.

Shi Mai Gini mutum ne mai girmama duk abin da ke da bango mai tauri da layukan lambobi. Ya juya littafin, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya gyaɗa kai. Amma da yake ba yaro ba ne, ya ce a gwada tukuna. A rufe ƙofar baya daga Litinin zuwa Asabar, ranar da Injiniya za ta zo. In Filaza ba ta ji a jikinta ba, za a toshe ta har abada. Ya damƙa wa Kawu sarƙa da ƙaton kwaɗo da makulli guda.

Litinin da sassafe Kawu ya ɗaure ƙofa, ya ja kwaɗon sau uku don kowa ya ji ƙararsa, ya jefa makulli a aljihun wando. Kafin ƙarfe takwas waɗanda babu su a ilmance sun taru a bayan sanduna. Wasu na bubbugawa, wasu na kiran Inna, wani na tambaya ko rasuwa aka yi. Kawu ya tsaya daga ciki yana yi musu bayani cewa su zagaya ta gaba. Zagayen kuwa ba wasa ba ne, sai ka bi doguwar katanga, ka tsallake kwata, ka ratsa inda ake wankin mota. Mai sauri ba zai yi ba, motarsa za ta tashi. Mutum biyu ne suka gwada, ɗaya ya iso da takalmi guda a hannu.

Da rana Kawu ya ce alƙaluma sun fara magana, don duk yinin nan ko mutum ɗaya bai shigo ta baya ba. Mai aski ya ce shi ma ya lura, tun da aka rufe rijiyar gidansu ba wanda ya ƙara ɗiban ruwa a ciki.

Talata mutanen baya suka samo dabara. Na fito zan ɗebo ruwa na tarar da wani direba ya manna ƙeya a jikin sanduna, mai aski ya zuro hannu da kilifa yana yi masa gyaran fuska ta tsakanin ƙarfe, in ya gama gefe guda ya ce masa ya juya. Mai kyamis tana miƙa magani a kan ludayin roba. Inna kuwa ta jawo kujera bakin ƙofa, ta zura tef ɗinta waje, wata mata ta naɗa a ƙugunta da kanta tana karanto lamba. Abin dariya ne, na kuma yi, amma da na ga yadda Inna ke dafa ƙarfe tana miƙewa da ƙyar don karɓar yadi, sai na daina dariyar. Kawu ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce wannan duk ba ya cikin lissafi, tunda ƙafafunsu suna waje.

Laraba kafinta ya kawo bencin gwaji. Kawu ya ba shi awo da kansa: mazaunin mutum shida, sai wani ɗan guntun katako a ƙarshe wanda bai kai tafin hannu biyu ba. Kafintan ya ce shi dai ya yi abin da aka ce, amma yana son ganin mutumin da zai zauna a wurin. Mai aski ya ce a yi haƙuri, Ɗigo Huɗu yana hanya, sauran jikinsa yake jira. Kafin la'asar kyanwar mai gadi ta hau guntun ta kwanta, ya yi mata daidai kamar an gwada. Kawu ya ce ko ba komai an ga amfaninsa.

Alhamis ce babbar ranarsa. Tun farkon mako ya sa na buga masa sanarwa, ya bi unguwar kudu gida-gida yana rabawa: Filaza na gayyatar yaran unguwa, akwai kyauta. Ya lallaɓi masu shagunan gaba suka fito da nafkin da fida da ƙananan safa suka jera. Ya aro kujerun roba na 'yan makarantar raino guda talatin, ya ɗaura balan-balan a ƙofa, ya tsaya da kwalin alewa yana jiran mata masu goyo.

Yaran unguwa sun amsa gayyata. Sai ga su garke guda, zaƙo-zaƙo, wasu gemu ya fara tsiro, muryoyi kamar na manya, 'yan matan kuma kowace da jaka a kafaɗa. Suka zagaye teburin nafkin suna tambaya ko akwai caja, ko ana sayar da murfin waya. Kawu ya ɗaga kai yana duban wani da ya fi shi tsawo, ya tambayi wata dattijuwa da ta rako su ina jariran unguwar suke.

"Ga shi nan gabanka," ta ce. "Ai shi kuka rubuta. Lokacin yana rarrafe."

Kawu ya buɗe littafi ya nuna mata inda aka rubuta 'ƙasa da shekara biyar'. Ta ce ba ta musa ba, amma ba a gaya musu su daina ba shi abinci ba.

Da wani ne, da ya haɗa kayansa ya tafi. Kawu kuwa ya ce tunda an zo a zauna a ji bayani. Samarin suka dubi kujerun suka dubi juna. Don ya nuna musu kujerun na da ƙwari, ya ja guda ya zauna da ƙarfinsa. Ƙafafunta huɗu suka baje lokaci guda, ya tafi ƙasa, kwalin alewa ya tashi sama, wandonsa ya tsage daga baya tun daga ƙugu. Yaran sun yi ladabi, sai da suka ɗaga shi sannan suka tsince alewar. Ya bi bango da baya da baya har shagon Inna, ya shige bayan labule, ya miƙo wandon. Ta ba shi na wani mai kawo ɗinki da bai zo karɓa ba, wanda ya tsaya masa a ƙwauri. Yagaggen kuma ta ajiye shi a gefe.

Ranar da ta biyo baya Kawu bai zauna a shagon kowa ba. Na gan shi a durƙushe bakin ƙofar gaba yana tona ƙasa da tsinke, na gan shi yana leƙa ƙarƙashin benci, yana ɗaga kyanwa yana dubawa. Da na tambaye shi abin da ya ɓata, ya ce ba abin da ya ɓata, yanayin ƙasar wurin yake nazari.

Asabar aka jera kujeru a tsakiyar baranda. Masu shaguna duk sun hallara, Mai Gini na zaune gaba, Kawu ya sha guga, littafi a hammata. Ƙarfe goma aka ce, har sha ɗaya saura ba Injiniya. Can sai ga ta ta ƙofar gaba, doguwar mace da naɗaɗɗiyar takarda a hannu, takalmanta sun yi dumu-dumu da taɓo, gefen siket ɗinta a jiƙe. Ta ba da haƙuri, ta ce motar haya ta shigo, ta sauka a tasha ga gini tana gani, amma wani mai hikima ya ɗaure ƙofa da sarƙa. Mai aski ya ce ta yi haƙuri ranki ya daɗe, ai a ilmance ba ta zo ba.

Kawu bai ji kunya ba, ko ya ji bai nuna ba. Ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo. Batun jarirai ya tsallake shi, bencin ma ya bi ta gefensa, ya tattara ƙarfinsa duka kan ƙofar baya. Ya buɗe shafin ya ɗaga sama yana juyawa kowa ya gani. Mutum ɗaya. Ya ce a duba irin mutumin ma, ƙato ɗan shekara arba'in da ɗaya, ba sana'a, ba iyali, yana kwana a tasha. Wane ciniki za a yi da irin wannan? Ya ce shi da zai ga mutumin nan da ya yi masa nasiha ya nemi abin yi. Saboda wannan malalacin za a bar ƙofa buɗe?

Sai mai kyamis ta ɗaga hannu. Mun yi mamaki, don ita a taro ko tari ba ta yi. Ta ce tana da ɗan bayani kan mutumin, domin ita ta rubuta shi. Ita ma ta yi aikin ƙidayar nan kafin ta buɗe kyamis, ba ta dai ajiye hular ba ne, kuma yankin tasha aka ba ta. Ta zagaya safiyar farko, duk wanda ta tambaya sai ya ce a gida ya kwana, can za a ƙidaya shi. Har ta fid da rai sai ta ga mutum a kan benci yana sharar barci, rana ta fito. Ya yi matashi da jakar malaman ƙidaya, ya rufe fuska da hula. Ashe wani ƙauye aka tura shi, ya tsaya yi wa mutane bayanin muhimmancin aikin har motar ƙarshe ta tashi ta bar shi. Ta tashe shi ta tambayi shekarunsa ya faɗa. Ta tambayi abin da yake yi.

"Sai ya ce, 'Ba komai, rubuta ki bar ni in yi barci.' Ni kuwa na rubuta ba komai."

Kowa ya juya yana duban hular. Kawu ya kai hannu kamar zai cire ta, ya fasa, ya sake kaiwa. Ya ce masu irin hular nan da yawa. Inna ta ce haka ne, amma guda ɗaya ne ya dawo mata washegari da shatin benci a kumatu, yana cewa hanyar ƙauyen ce ba kyau.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar a Filaza ba. Mai aski har da zama a ƙasa. Mai Gini ya yi ta maza ya kasa, ya rufe fuska da rahoton da na buga. Injiniya ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta karɓi littafin ta duba bangonsa, ta ce littafin bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa: wa ya kwana ina, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Ba wanda ya tambaye shi wa ke neman tela da tsakar rana. Ta ce in ana son sanin wannan, a buɗe ƙofar a zauna a ƙirga masu shigowa.

Mai Gini ya share hawaye ya ce Kawu ya kawo makulli.

Nan Kawu ya yi tsuru-tsuru. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya girgiza littafin ko wani abu zai faɗo. Ya fara bayanin cewa makullai a ƙididdige suna cikin abubuwan da suka fi ɓata. Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta taka a hankali zuwa shagonta, ta dawo da wandonsa na ranar Alhamis, an ɗinke shi tsaf an ninke. Ta sa hannu a aljihun ta zaro makullin.

Na ce, "Inna, tun shekaranjiya yana hannunki, kina ta miƙa tef ta tsakanin sanduna?"

"Da na buɗe, da har ya mutu yana cewa ni na ɓata masa lissafi." Ta miƙa masa makullin da wandon tare. "Ungo, Auta. Kai ka rufe."

Ya karɓa da hannu biyu. Muka bi shi gaba ɗaya har ƙofar baya, ya buɗe kwaɗon, sarƙa ta zube. Mutanen tasha suka kwararo ciki, har suka matse shi a bango, ya riƙe hularsa da ƙyar. Matar nan da ta auna ƙugunta da kanta ita ce ta farko a shagon Inna, tana cewa a sake awon don ba ta yarda da nata ba.

Injiniya ta nemi wanda zai zauna a ƙofar mako guda yana ƙirga masu shiga da fita. Ba sai na faɗi wanda ya fara miƙewa ba. A sabon zanen an faɗaɗa ƙofar baya ta ninka ta gaba, shagon Inna na nan inda yake, an ma ƙara masa taga. Mai aski ya laƙaba wa wurin Ƙofar Mutum Ɗaya, sunan ya bi ta har direbobi suna kwatance da shi. Kawu yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa don girmama shi aka sa, tunda shi ne kaɗai mazaunin yankin da hukuma ta sani.

Ranar farko ta ƙirgar, wajen ƙarfe biyu na rana, na leƙa na same shi a kan bencinsa na shida da ɗigo huɗu, takarda a cinya, biro ya faɗi ƙasa, hula ta rufe fuska, mutane na ta wucewa ta gabansa. Inna ta tsayar da kekenta ta ɗan dube shi. Ta ce in tashe shi ya shigo ciki ya kwanta bayan labule, kafin wani ya zo ya sake rubuta shi.